Tiyon bayan shagon Yaya Isuhu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Isuhu, mai injin tace ruwa a wani lungu na unguwar Adjamé, Allah ya jiƙansa. Har yau in na tuna shi dariya ke riga hawaye zuwa, domin mutum ne da ke lallaɓa injinsa kamar mai jego. A cikin injin akwai wata naɗaɗɗiyar matata da suke kira mambaran, ita ke raba ruwa da gishiri da datti. Yaya ba ya barin ruwa ya isa gare ta sai ya bi ta matatar auduga da ta gawayi, kuma da audugar ta yi ja zai canza ta. Kullum kafin ya rufe shago sai ya ɗauraye mambaran ɗin, ko ranar sallah bai yarda ta bushe ba.

Ni ɗan kasuwa ne a unguwar Treichville, kusa da tashar jiragen ruwa, kuma ba na ƙaunar ganin asara. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tiyon bayan shagon. In injin yana aiki, ruwa mai yawa ke fita ta can, matan kasuwar Gouro su jera bahuna su ɗiba kyauta don wanke tebura da kwanduna. Na sha yi masa magana, amsarsa ɗaya ce: "Sani, bar ruwan baya ya tafi."

Da ya rasu, shagon tare da 'ya'yansa huɗu suka dawo hannuna. A satin farko na matse famfon tiyon, ina ta yaba wayona. Ba a yi wata uku ba ruwan sayarwa ya koma ɗiga kamar hancin mai mura, masu saye suka fara sauya wuri. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don abincin marayu nake kashewa da hannuna.

Babbar 'yarsa Rabi, wadda Faransancinta ya fi Hausarta ƙwari, ita ta warware mini. "Baffa," in ji ta, "ruwan bayan nan shi ke kwashe datti daga jikin mambaran. Ka rufe masa hanya, sai ya zauna ciki, voilà." Garin neman gira na kusa rasa ido. Muka sa sabuwar mambaran, muka buɗe tiyo, bahuna suka dawo layi, matan kuwa sai da suka yi sati suna yi mini ba'a.

Yau Rabi ke riƙe da shagon, har da wata 'yar na'ura da take tsomawa a kofi ta gaya mata lafiyar ruwa. Da Yaya zai gani, na san zai jinjina kai ya yaba, sannan ya faki idonta ya kurɓa da kansa, don bai taɓa yarda da abin da harshensa bai shaida ba. Ƙannenta uku duk sun yi karatu da ruwan nan, mambaran ɗin da muka sa ma ta daɗe har na daina ƙirga.

Yaya bai bar gida ko mota ba. Ya bar 'ya mai hannu irin nasa, da shagon da bai sake tsayawa ba. Ni kuwa in na je ziyara, da girmamawa Rabi ke ajiye mini kujera a bakin ƙofa, nesa da famfo.