Wutar Kara

Ranar Asabar za a kai ɗana Bashir gidan mari. Haka mahaifinsa ya yanke, shi da yayyensa, bayan an sake koro shi daga makaranta a nan Tambuwal don ya kasa zama a kan benci. Ina tankaɗe aka faɗa mini. Na ce to, na ci gaba da tankaɗena. Ni da ko a littafi aka raba masoya sai na jiƙa filo da hawaye, ranar na laluba ƙirjina na ji wayam, kamar rumbu a tsakiyar damina. Abin da ya zo mini kawai shi ne ƙaurin hayaƙin kara.

A Fakku na tashi, a gaban kakarmu Inna Kulu. Idan an gama girbi, bayan sallar isha'i, takan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta mu kewaye ta, farin wata ya kwanta a kan kallabinta. Gidan ba a rasa itace, amma ba ta taɓa yarda a hura wutar tatsuniya da shi ba. Sai kara. Kowa kuwa ya san wutar kara, ta tashi bal, kafin ka ɗumama hannu ta mutu. Tarin karan ma can take sa a ajiye shi, bayan rumbu.

Mai kula da wutar shi ne yayana Lawwali. Tun yana ƙarami ba a san shi da zama ba. A aike shi gishiri ya dawo da fara a hannu, ya manta abin da ya fitar da shi. An yi bulala, an yi rubutun sha, yana nan yadda yake. Da Inna ta ga ƙafarsa ta fara rawa sai ta katse labari.

"Maigidana, wuta za ta mutu. So kake matarka ta sandare?"

Ya zabura a guje, ya dawo da kara a rungume yana haki.

"To, ina munka tsaya?"

"Inda kaza ta ɗauko zare!"

"Kun ji mai kunne."

Mu kuwa mu yi ta tsaki. "Inna, ki ci gaba mana, sai an jira shi?"

"Ku da kunka iya zama, ku iya jira."

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa, ba ma sonta don babu Gizo a ciki. Wai wata mata ta sa wa kazarta ƙwan zabo cikin ƙwayayenta. Da aka ƙyanƙyashe, sauran 'yan tsaki suna bin uwa, shi ɗan zabo yana can bakin danga yana bin iska. Kaza ta yi kira har muryarta ta dushe, kajin unguwa suna yi mata dariya. Sai ta ɗauko zare ta ɗaure ƙafarsa a gindin turmi. Ya yi ta fizga, ya yi ta fizga, ran nan ya daina. Kaji suka zo barka, suna cewa ɗanki ya natsu. Ta kwance zaren, bai motsa ba. Ta watsa masa tsaba, bai ko duba ba.

"Kaza ta samu ɗa mai zama," in ji Inna, "ta rasa ɗanta. Ƙurunƙus, kusu ya shige rami, kowa shi nemi nashi."

Na lura idan ta zo wurin zaren takan ɗaga murya, ta juya fuska wajen ɗakin Babanmu. A lokacin na ɗauka hayaƙi take kaucewa.

Da ta rasu, ba a daɗe ba aka kai Lawwali inda ake sa wa yara mari. Ya dawo ya natsu. Yau furfura ta fara fito masa, yana nan a ƙofar zaure tun safe har magariba, da shatin ƙarfe a idon sawunsa. Ka gaishe shi ya amsa, shi ke nan.

Bara na kai Bashir wurin wata likita a Sakkwato. Ta ce abin yana da suna, ADHD, ba iskoki ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba. Ba ya wucewa kamar zazzaɓi, zama ake koya da shi kamar asma ko sikila. A ba shi aiki guntu-guntu, a faɗa masa abu ɗaya ya gama kafin na biyu, a bar shi ya motsa, a yaba masa idan ya yi daidai, a kuma riƙa dawowa don duba maganinsa. Tana magana ina ganin tarin kara a bayan rumbu. Mahaifinsa ya ce, "Mu ma mun yi ƙiriniya, bulala ta gyara mu."

Jiya na roƙi maƙwabciyata dami guda na kara, na jingine shi can bayan kicin.

"Ga gawayi buhu guda, me za ki yi da kara?" in ji mahaifin Bashir.

Na hura wuta a tsakar gida, na ɗora wa Bashir kula da ita, na fara ba shi tatsuniyar ɗan zabo. Ya je ya dawo, ya je ya dawo, ina jiransa, har muka kai ƙarshen labarin. Ban san ranar da ya taɓa jin wani abu har ƙarshe ba.

"Umma, daga baya ɗan zabon ya tashi?"

Mahaifinsa yana tsaye a bakin ƙofa. Sai na ji muryata ta ɗaga da kanta, na juya wajensa.

"Abban Bashir, kafin Asabar mu je Fakku ka gaida Yaya Lawwali. Ka ga yaron da ya natsu."

Sai a lokacin na gane Inna ba mu take ba tatsuniyar nan ba. Mu yara 'yan rakiya ne.

Ya daɗe yana kallon idon sawun ɗansa. Bai ce an fasa ba, ni ma ban tambaya ba. Wutar ta fara lafawa. Ya gyara murya.

"Bashir, tashi. Wutar uwarka za ta mutu."