Ƙwallon Aduwa Biyu a Bakin Zanena

Abin nan ya faru shekarar da rijiyar bakin garinmu ta rufta, kaka biyu bayan rasuwar maigidana, lokacin injin niƙa bai daɗe da zuwa unguwarmu ba. Ni ban iya lissafin shekaru irin na 'yan makarantar lakwal ba, amma yinin nan ina iya jera muku shi tun daga hantsi har la'asar. Ba ni mantawa da shi sai ran da anka rufe ni.

Ku tambayi duk wanda ya tsufa a ƙasar Kurfey, zai gaya muku wace ce ni a bakin turmi. Da ƙuruciyata, in ana lugude, nakan jefa taɓarya sama in tafa sau uku kafin ta dawo hannuna, ta faɗa turmi daidai da bugun 'yan'uwana, ko kuskure babu. Har yau ina mafarkinta. Sai in gan ta can sama tana juyawa a hankali, rana na bin jikinta, kamar ta manta da ƙasa.

Ko da inji ya zo, garinmu ba a bar dakan buki ba. 'Yan mata sukan kewaye turame, su yi surfe da lugude, mata na guɗa. Kuma muna da ƙa'ida tun ta kakanni. Akan zaunar da tsohuwa guda a inuwa da ƙwallayen aduwa. Duk yarinyar da ta gama turmi, sai a aje mata ƙwallo ɗaya bisa faifai. In sun kai uku, ta aje taɓarya, ko da ita ce tauraruwar wurin, kuma ba ta sake jifa sai ta kwana biyu. Tsofaffinmu sun ce ƙashin budurwa ɗanye ne, bai gama ƙosawa ba. Da ƙarfina ya ƙare, ni anka ba faifan. Shekara da shekaru ina riƙe da shi, ba wadda ta taɓa cewa na yi son kai.

Sai Allah ya ba ni jika, ɗiyar ɗana na fari, anka sa mata sunana, nake ce mata Takwara. Ɗiyana mata ba wadda ta gado ni, sai ita. Tana da shekara goma sha biyar, tana kolej a Filingue, amma in ta zo hutu ta kama taɓarya, sai in ga kaina tsaye a gabana. Tsawon hannun nan, da yadda take ɗaga haɓa tana jiran itace ya sauko, duk nawa ne.

"Tsohuwa, sau uku kikan tafa ko? To ni huɗu zan yi, in binne sunanki," in ji ta.

"Ke da wa? Tafi ki wanke majina tukuna."

Kakar nan hatsi ya yi albarka, bukukuwa sunka taru a mako guda. Ran Talata Takwara ta yi daka gidan maƙwabta, ƙwallo uku. Ran Laraba wata ƙawarta ta ja ta wani ƙauye, can ma ta yi, ba da sanina ba. Sai da yamma na gan ta tana gasa kafaɗa da tsumma da ruwan zafi a bayan rumbu. Na gani sarai, na kau da kai. Don Alhamis ne babban buki, kuma dangin ango daga wajen Damana za su zo, tare da gwaggon ango, wadda muka yi zamani da ita. Sau biyu na kunyata ta a bakin turmi muna 'yan mata, ba ta taɓa yafe mini ba.

Ranar Alhamis da hantsi anka jera turame shida ƙarƙashin gawo. Ta Damana ta zo ta zauna kusa da ni, tana tauna goro.

"Sannu, gwanar da. An ce yanzu 'yan matanku sai latsa salula, ko ƙwarya ba su iya ɗauka."

"Zauna dai ki gyara ɗankwali, kar ya faɗi in kin ɗaga kai."

Anka fara. Ban san yadda zan kwatanta muku amon nan ba. Taɓare goma sha biyu suna sauka bi da bi, ƙasa na amsawa ta ƙarƙashin tabarma, har cikin ƙirjina. Dusa na tashi cikin hasken da ke ratsowa ta rassan gawo, tana sauka bisa gashin 'yan mata kamar an yayyafa musu zinariya. Jikar ta Damana gwana ce, ban hana ta ba, tafi uku take yi cif. Takwara ta yi turmi ɗaya, ta yi na biyu, ita ma uku uku. Da ta gama na uku, sai ta dube ni ta gefen ido, gumi na bin wuyanta.

Ƙwallon yana hannuna. Faifai yana gabana. Jikar waccan turmi biyu ta yi, da saura ɗaya gare ta. In na aje, Takwara ta zauna, baƙuwa ta rufe fili, a koma Damana ana cewa gidan gwana an yi kunnen doki da su. Sai na ji yatsuna sun naɗe ƙwallon nan cikin bakin zanena. Ba wanda ya tilasta ni.

Uwar yarinyar, surukata, ta matso ta durƙusa.

"Inna, kamar uku ke nan fa."

"Ke kike ƙirga ko ni? Dubi faifai."

Ta duba, ta ga biyu, ta koma wurinta. Wa zai ƙaryata ni?

A turmi na huɗu Takwara ta yi abin da ta yi alkawari. Ta jefa taɓarya har ta shige cikin rassan gawo. Na rantse muku, a idona tsayawa ta yi a can. Na daina jin guɗa, na daina jin turame. Na ga uwata tsaye tana dariya, na ga ƙawayena da sunka daɗe a ƙasa, kowace da zanen bukinta, na ji ƙanshin hatsin wata kaka da ta wuce tun kafin a haifi uban Takwara. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta cafe. Wuri ya ɗauka, samari sunka ɗaga salula, goro ya faɗo daga bakin ta Damana.

Nan ya kamata in tsaya. Amma mata sunka yi ta kiran a sake, waɗanda ke wajen tukwane ba su gani ba. Na aje ƙwallon turmin nan don a ga uku, na ce tunda buki ne a bar ta ta ƙara rabin turmi, shi ma na naɗe ƙwallonsa, na biyu ke nan a bakin zanena.

Ta jefa. Taɓarya ta sauko, hannun dama ya tashi tarbarta, ya kai rabi ya tsaya. Itacen ya bugi bakin turmi, hatsi ya watse. Ba ta yi kuka ba. Ta riƙe kafaɗa, ta dube ni da mamaki ta ce, "Kaka, hannuna ya ƙi jin magana."

Mai ɗori ya shafa ya ce ba karaya. Anka kai ta gidan likita a Filingue, daga can mota ta kai su Yamai, anka ɗauki hoton kafaɗa. Ubanta ya dawo ya ce jijiya ce ta yage, kuma an tambaye shi ko wane irin aiki ake sa yarinya haka ba hutu. Shekarar nan ba ta zauna jarrabawa ba, alƙalami ma gagararta ya yi.

Kwana arba'in ƙwallayen nan suna bakin zanena, in na yi wanki in mayar da su. Ran nan da hantsi ina shafa mata man shanu a kafaɗa, sai na kwance, na zuba mata su a cinya.

Ta juya su da hannun hagu, ta yi murmushi.

"Ai na gan ki, tsohuwa. Har daɗi na ji. Ko kin aje, da sai an janye ni."

"Don haka ne ba a ba mai daka faifai," na ce. Sai a lokacin na yi kukan da ban yi ba ran buki.

Abin da na koya ke nan, da furfurata. Yarinya mai zuciya ba ta cewa ta gaji, jikinta ne ke faɗi, kuma ran da ya faɗi an makara. Shi ya sa ake zaunar da babba ya ƙirga mata. In babban ya fi ta son guɗa, ba ta da kowa. Da kaina na kai faifan ga surukata, gaban mata, na faɗi abin da na yi. Ita ke riƙe da shi yau, kuma ko ɗiyar wa ce, uku uku ne.

Cikin waɗanda sunka zauna inuwar gawon nan, mai ɗori ya rasu, mai guɗarmu ta rasu, gawon ma an sare shi. Saura ni, da surukata, da ta Damana, wadda ta makance amma har yanzu tana aiko mini da goro da baƙar magana. Takwara tana nan, ta ci jarrabawarta daga baya, tana koyar da yara a wajen Baleyara. An ce rubutunta a allo daga tsakiya yake farawa, don hannun bai kai sama. In ta zo gida ni ke ɗaura mata ɗankwali.