Raken da Kaka Ta Kwantar a Bakin Kwata

Shekarar da fari ya cinye fadamar su Kaka a ƙasar Katsina, Baba ya je da motar da yake tuƙawa ya ɗauko Kaka zuwa gidanmu na Badarawa. Kayanta ƙunshi ɗaya ne, sai gaɓoɓin rake ƙulle a tsumma. Ta kwantar da su a bakin kwata, inda ruwan wanke-wanke ke bi, ta rufe da ƙasa, tana zuba musu kashin awaki da tokar murhu. Kafin shekara ta zagayo raken ya wuce katanga.

Sai Baba ya ce sauro yake tara mana, ranar Asabar zai sare shi.

To, Baba ɗan fari ne. Kaka ba ta kiran sunansa, balle ta tsaya musu da shi. Don haka bayan magariba, muna zagaye da murhu, shi kuma yana cin tuwo a tabarma, ta ɗaga murya fiye da kullum.

"Ku matso, ga wata tatsuniya ta iso," in ji ta. Muka ce ta shigo mu ji.

Wai wata tsohuwa ce da rake a kan hanyar kura, kullum ganyensa na yankar kura a fuska. Kura ta sare shi, ta daddatsa gaɓa-gaɓa, ta binne a juji don kada tsohuwa ta gani. Da ruwa ya sauka kowace gaɓa ta tsiro, kura ta rasa hanyar raminta.

"Mi ta sani?" Kaka ta ce tana tura itace. "Ba ta taɓa riƙa fartanya ba. Ita a ganinta kisa ta yi, alhali shuka ta yi ma tsohuwa."

Baba ya yi dariya, amma ranar Asabar ya sare. Ni na sha kuka. Kaka kuwa ta nufi bakin kwata. Ta tsince gaɓoɓi masu ido, ta aike mu da su gida-gida. Da damina layinmu duk rake, kututturen namu ma ya toho, Baba ya haƙura.

Sai da na girma na gane raken nan shi kaɗai ya rage mata na fadamarta, kuma a daren nan gargaɗi take yi wa ɗanta. Har yau ina alfahari da tsohuwar nan. Bara mai gidan da nake haya ya ce in cire nawa raken. Na ce masa ya zo da addarsa, amma don Allah ya daddatsa da kyau.