Riƙe Godiyarki Sai Bayan Wata Shida

Kafin mai shara ya gama goge barandar sashen mata, Sista ta riga ta iso, ta rataye mayafinta a bayan ƙofa, ta jera katunan matan da aka yi wa aikin cire ƙarin mahaifa. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka, ƙarshen watan nan kuma za ta ajiye aiki.

Tana da wani hali mai ban haushi: ba ta karɓar godiya. Ranar sallama mace za ta durƙusa tana zuba addu'a, sai ta katse ta. "Riƙe godiyarki, 'yata, ki kawo min bayan wata shida, ranar hoton ciki. Ƙarin nan ciyawa ne, ko an nome yana iya sake tsirowa." Shi ya sa matan suka laƙaba mata Sai-Kin-Dawo.

Wata tela da aka yi wa aikin ta ji sauƙi, ta sauya layin waya, ta mance hanyar asibiti. Bayan shekara biyu jini ya dawo yana zuba, ta yi gum, ko mijinta bai sani ba. Tsoronta ɗaya: a ce za a cire mahaifar, ita da ba ta taɓa haihuwa ba.

Sista kuwa ba ta mance katin ba. Da tambaya ta gano shagon, ta shiga ranar hutunta riƙe da yadi kamar mai kawo ɗinki. Ta ja fatar idon telar ƙasa, ta gan shi fari fat.

"Ina godiyata?"

Tela ta fashe da kuka. "Mama, cire min ita za su yi."

"Wa ya ce? Likita ko tsoro? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Rufe keken nan mu tafi."

Hoto ya nuna ƙarin ya dawo, amma bai yi nisa ba. Aka sake aiki, mahaifa na nan. Bara telar ta haifi 'ya mace, kuma wallahi da na ji labarin sai da na yi hawaye.

Ke ce uwar da ba ta gajiya da cigiya, Sista. Allah ya saka miki. Masu tasowa a aikin jinya, ku koyi bin sawun marar lafiya bayan an warware zare. Mata, ku koma ranar da aka ce ku koma.

Godiyar da kika yi ta mayar mana kuwa, ga ta mun tattaro. Yau kam sai kin karɓa.