Ruwan da Na Sa Alhaji Mamman Ya Sha

Ni na sa Alhaji Mamman shan galan guda na ruwa kullum har tsawon mako shida. Da ana iya komawa baya a goge aiki, wannan zan fara gogewa cikin shekara talatin da biyar da na yi ina aikin asibiti. Ranar da aka gano abin da na yi kuwa har gobe ba ta fita daga raina ba. Ina rubuta wannan ne domin ku yaranmu da kuka gaje mu a ƙananan asibitocin karkara, saboda makon jiya na ji ɗayanku da kunnena yana ce wa wata mata mai jiki, "Ki yi ta shan ruwa kawai, kitsen zai narke." Ko kallon ƙafarta bai yi ba. Raina ya ɓaci har na kasa cin abincin rana.

Ni ba likita ba ne. Da shara da wankin miki na fara, daga baya aka tura ni kwas, na dawo a matsayin ƙaramin jami'in lafiya. Amma a ƙauyen da na yi aiki na ƙarshe, can ciki idan ka sauka daga titin Funtua zuwa Malumfashi, kowa Likita yake kirana, ni kuma ban taɓa hana su ba. Shekara biyu kafin in yi ritaya aka canja wa incaji ɗinmu wurin aiki, wato babban jami'in da ke riƙe da asibitin, aka bar ni ni kaɗai kusan shekara guda. A wannan lokacin abin ya faru.

Ga wanda bai san aikin ba, ƙa'idar mai sauƙi ce. Mara lafiya ya zo, a buɗe masa kati, a auna nauyinsa, a auna jininsa, a tambaye shi, a duba jikinsa da ido da hannu, sannan a yi maganar magani. Abin da ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti a rubuta takarda a tura babba. Na san wannan tun kafin a haifi da yawanku.

Alhaji Mamman dillalin masara ne, yana bin kasuwanni daga Dandume har Malumfashi. Sa'ana ne, tare muke zama a majalisar bakin masallaci bayan la'asar. Mutum ne mai jiki tun asali. Farkon damina, ana fara zuba taki, aka kawo shi a kan babur. Daga bakin ƙofa zuwa bencin marasa lafiya sai da ya tsaya sau biyu yana haki.

"Likita," ya ce, "teɓar nan za ta kashe ni. Sujada ta gagare ni. Ina sunkuyawa sai in ji kamar an aza mini buhu a ƙirji."

"To wa ya aike ka cinye ribar masarar kai kaɗai?" na ce masa. Muka yi dariya.

Na hau da shi sikeli, kilo casa'in da takwas. Na ɗauko abin awon jini, sai ɗaurin ya ƙi zagaye damtsensa. Na ja, na ja, ya ƙi. Maimakon in nemi wata dabara sai na mayar da shi aljihun tebur, na bar gurbin awon jini a katin babu komai. Ban ɗaga wandonsa na dubi ƙafarsa ba, ban saurari ƙirjinsa ba. Ya riga ya gaya mini ciwonsa ƙiba ce, ni kuma ina da maganin ƙiba a baki.

Shekara guda kafin nan ni ma na yi tumbi. Na ga wani bidiyo a waya ana cewa ruwa yana wanke kitse, na fara ɗirka, cikin wata huɗu na sauke kilo bakwai. Tun daga nan na zama mai wa'azin ruwa. Don haka na ce wa Alhaji ya sami galan, irin na man gyaɗa, a wanke shi tas, a cika masa kowace safiya, kada rana ta faɗi da saura a ciki. Ya rage tuwo, ya dawo bayan mako biyu.

Ya dawo da kilo ɗari da ɗaya.

"Likita, ai ƙaruwa nake."

"Haka yake farawa," na ce. "Kitsen ne ke narkewa, kafin ya fita sai ya ɗan yi nauyi." Wallahi ban san inda na samo wannan maganar ba. A take na ƙirƙire ta don kada in ji kunya, kuma da na faɗe ta sai ni ma na yarda da ita.

Bayan wasu mako biyun sikeli ya nuna ɗari da biyar. Nan na fara jin haushi. Ni na sha ruwa na rame, ga wasu mata biyu a unguwar da suka ce sun ji sauƙin jiki, me zai sa shi kaɗai ya ƙi?

"Alhaji, tsakaninka da Allah, me kake ci a kasuwa?"

"Wace kasuwa? Rabona da kasuwa kwana goma."

"Tsire? Balangu? Waina da miyar taushe?"

"Likita, rabin malmala nake ci, ita ma da ƙyar take shiga."

"Rabin malmala ba ta ƙara wa mutum kilo huɗu. Ni fa ba yaro ba ne. Kana zuwa kana ɓata mini lokaci, ga mata masu awon ciki a layi."

Ya dube ni. Na ce daga yau galan da rabi.

Washegari matarsa, Hajiya Rabi, ta zo asibitin da kanta. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Likita, mutumin nan fa ba ya cin komai. Takalminsa ya daina shiga. A zaune yake barci, jingine da bango, in ya kwanta sai tari ya taso shi. Kuma duk ruwan da yake sha, ba ya yawan zagayawa."

Duk abin da nake buƙata ta faɗa mini shi a tsaye. Ɗalibi ɗan shekarar farko zai gane. Ni kuwa abin da na ce mata shi ne, "Hajiya, ku dai kullum sai kun rufa wa mazajenku asiri. Ki sa masa ido a kan abinci."

Ban tsaya nan ba. Da la'asar a majalisa na ba da labarin, ina kwaikwayon yadda yake rantsuwa. Na ce wa mai tsiren bakin tasha, a gaban mutane, in ya ƙara sayar wa Alhaji ko tsinke ɗaya ni da shi ne. Mutumin ya ce shi rabonsa da ganin Alhaji an fi wata, aka ce ai bakinsu ɗaya. Daga ranar aka sa masa suna Tanki. In aka gan shi a ƙofar gida da galan ɗinsa sai a ɗaga murya, "Tanki, an cika ko da saura?" Dattijon da ake ba amanar masarar mutane ba tare da shaida ba, na mayar da shi maƙaryaci a kan tsinken nama.

Ana cikin haka aka turo mana sabuwar incaji, Sista Ngozi. Mahaifinta kayan gyaran mota yake sayarwa a Funtua, a nan aka haife ta, Hausarta ta fi tawa tsabta. Sa'ar 'yata ta biyu ce, Baba take kirana. Kwananta biyar da kama aiki aka kawo Alhaji awo na huɗu, mutum biyu na riƙe da shi. Kilo ɗari da tara. Na fara faɗa tun bai sauka daga sikelin ba.

"Ni na gaji! In ba za ka bi magana ba ka daina zuwa. Kullum rantsuwa, kullum ƙaruwa!"

Sista ta fito daga ɗakin allura. Ta gaishe da Alhaji, ta zaunar da shi, ta durƙusa ta naɗe ƙafar wandonsa. Ta sa babban yatsanta a ƙwaurinsa ta danna, ta ɗan jima, ta ɗaga. Wurin ya loɓa kamar an danna ƙullin fulawa, kuma ramin bai taso ba.

"Baba, zo ka danna da kanka," ta ce.

Na danna ɗaya ƙafar. Yatsana ya nutse. Na cire, ramin yana nan yana kallona.

Ta saurari bayansa da ƙirjinsa. Ta ɗauko abin awon jinin nan da na mayar aljihun tebur, ta ɗaura a ƙasan gwiwar hannunsa inda zai zagaya, ta auna. Da ta ga abin da ya nuna sai ta sake aunawa.

"Alhaji, ruwa nawa kake sha a rana?"

"Galan da rabi, 'yata. Jiya dai na kasa ƙarasawa, Allah ya sani na yi ƙoƙari."

"Galan da rabi? Wa ya ce ka sha haka?"

Ya juyo ya dube ni, ba da mugunta ba, irin kallon wanda ke nuna malaminsa. "Likita ne."

Sista ta ɗauki katinsa ta duba. Gurbin awon jini huɗu, duk fari fat. Ta karɓe galan ɗin daga hannun wanda ke riƙe da shi ta ajiye a ƙarƙashin tebur, ta ce mini a hankali, "Baba, nemo mota yanzu. Zan rubuta takarda."

An yi ruwa da safe, hanyar ta caɓe. Sau biyu muna fita muna tura motar, Alhaji na zaune a baya bakinsa a buɗe yana neman iska, Hajiya na yi masa fifita da gefen mayafi. Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya har muka isa babban asibiti a Malumfashi.

Likitan da ya karɓe shi, na gaske, ya yi mana bayani. Hawan jini ya daɗe yana cin Alhaji ba a sani ba, har zuciyarsa ta gaji, ba ta iya tura jini yadda ya kamata. Idan haka ta faru jiki ba ya fitar da ruwa, sai ya taru a ƙafa, a ciki, har huhu. Kitse yana da shi, amma ba shi ke hana shi sujada ba, kuma kilo goma sha ɗayan da ya ƙara duk ruwa ne. Aka fara yi masa allurar da ke sa fitsari, aka hana shi gishiri, aka ƙayyade masa ruwan sha da kofi ana rubutawa. Likitan ya ce da an ƙara kwana biyu ko uku, da wata maganar ake yi.

Da muka koma aiki Sista ta zaunar da ni. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi mini sauƙi.

"Baba, lokacin da ka rame, ban da ruwan me ya canja?"

Na ce babu. Sai na tuna babur ɗina ya lalace a lokacin, wata huɗu ina zuwa aiki a keke. Na tuna kuma ruwan ya cika mini ciki har na bar lemon kwalba biyu da nake sha kullum, da shayin safe mai sukari cokali huɗu.

"To ka ga maganinka," ta ce. "Keke da barin zaƙi. Ruwa ya taimaka, tunda shi ya kori lemon, kuma wanda ya sha kofi ɗaya kafin cin abinci yakan ɗan rage loma. Iyakarsa ke nan. Ba ya narkar da komai. Mai lafiya in ya sha ya wuce kima zai fitsarar, mai ciwon zuciya ko ƙoda kuwa a jikinsa zai zauna."

Shekara talatin da uku ina aiki a lokacin, yarinya sa'ar 'yata ce ta tambaye ni abin da ya kamata in tambayi kaina.

Kwana na biyar na koma duba Alhaji. Na same shi kwance a miƙe a kan gado, karo na farko cikin makonni. Fuskarsa ta faɗa, fatar ƙafarsa ta yi yaushi. Na zauna na fara ba shi haƙuri, ina maganar ruwan da awon jinin da ban yi ba. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Bar wannan, Likita. Ciwo na Allah ne, kai ma ba ka sani ba. Abu ɗaya nake tambaya. Yanzu ka yarda ban ci tsiren ba?"

"Na yarda, Alhaji."

"To ba ni za ka gaya wa ba, ni na sani. Ka je majalisa, inda ka faɗi ta farko, ka faɗi wannan."

Na je a ranar. Bayan la'asar na miƙe tsaye a gabansu, na ce Alhaji Mamman bai yi mini ƙarya ba ko sau ɗaya, ni ne ban yi aikina ba, na ɗora masa laifina. Babu wanda ya yi dariya. Alhaji ya rayu shekara huɗu bayan nan yana shan magani, amma bai sake bin kasuwa ba, zuciyar ba ta koma daidai ba. Ban san nawa ne rabon galan ɗina a cikin wannan ba. Na tambayi likitan, ya ce shi ma ba zai iya cewa ba.

Saboda haka ina roƙonku, yarana. Kafin ku ce wa mai jiki ya sha ruwa, ku durƙusa ku danna ƙwaurinsa, ku cike gurbin awon jini ko da abin awon ya ba ku wahala. Abin da ya yi muku aiki a jikinku kada ku mayar da shi maganin kowa. In kuma shawararku ta ƙi ci, mara lafiya yana rantsuwa ya bi ta, ku fara tuhumar shawarar kafin ku tuhume shi. Don Allah kada wani cikinku ya tsaya a gaban majalisa yana faɗin abin da na faɗa.