Cadin Illa a Cikin Ƙwarya

A Gaffati, idan ka ce Illa, sai an tambaye ka wane Illa, don akwai Illa maƙeri, akwai Illa na gidan bulama. Amma idan ka ce Illa Cadi, ko ƙaramin yaro zai nuna maka gidan. Manomi ne kamar kowa, gero da dawa da ɗan wake a gefen gona. Ba shi da wata dukiya sai takarkari ɗaya da bakin da ba ya gajiya. Abu ɗaya ya raba shi da sauran mutanen garin: ya taɓa ganin ruwan da ba a hango gaɓarsa.

Ba don yana so ya je ba. Ƴan shekaru bayan Nasara sun ci Damagaram, kumandan ya aiko a tara takarkarai da masu korarsu, za a kai wa soji gero can gabas. Bulama, mai garin, ya duba wanda ba shi da mai tsaya masa, ya nuna Illa. Haka ya bar matarsa Kaltuma da ɗansu na fari, Habu, wanda a lokacin bai ma kai kiwon awaki ba. Ya yi watanni, ya dawo a rame, bayansa duk shatar bulala. Waɗanda suka tafi tare da shi ba su da labari sai na ƙishirwa da duka. Shi kuwa Illa, tun kafin ya gama shan ruwan sannu da zuwa ya fara labarin Tafkin Cadi.

Ya ce a Gigimi, garin da ke bakin tafkin, ya tsaya a kan tudu ya duba gabas, ruwa ya tafi har ya haɗu da sama. Ya ga fararen shanu masu ƙaho kamar tulu suna iyo, ya ga mutane a cikin jiragen ciyawa. Amma abin da ya fi tsaya masa a rai gonaki ne. A tsakiyar rani, lokacin da ƙasar Gaffati ke ƙona tafin ƙafa, ya ga masara kore shar. Ruwa na ja baya, mutane na bin sa suna shuka a cikin danshi, ba mai ɗaga kai ya dubi hadari. Mutumin da tun tasowarsa wuyansa ke ciwo don duban gabas, ka ce masa akwai gonar da ba ta jiran sama, ai ka ba shi labarin Aljanna. Illa ya rantse sai ya kai iyalinsa sun gani da idonsu, su duka, ba a bar kowa ba.

Daga nan shirin tafiya ya zama sana'arsa ta biyu. Kowace kaka, da an gama zuba damman gero a rumbu, Illa kan share tsakar gida da hantsi, ya tara iyalinsa, ya shimfiɗa musu hanyar a ƙasa. Tsamiya guda ita ce Mirriya, inda za su fara yada zango su ga lambunan albasa da rake. Ƙwallon dabino shi ne Gidimuni. Tsakuwa duwatsun Gure ce, guntun kanwa ƙasar Manga. Jan barkono shi ne bakin kogin Komadugu mai gonakin alkama. Can ƙarshe, jikin dangar gabas, sai ya ajiye ƙwaryar Kaltuma cike da ruwa, ya ja baya ya dube ta, ya ce ga Cadi nan.

Kowa da matsayinsa a ayarin. Kaltuma za ta hau takarkari a kan taikunan guzuri. Balki, ƴarsu, ita ce mai riƙe gorar ruwa. Habu shi zai kama igiyar sa ya wuce gaba, shi ya sa ubansa ba ya kiransa da komai sai Madugu. Yaron ya ɗauki abin da gaske. Tun yana ƙarami ya haddace zangunan, in an tashe shi daga barci zai jero su ba gargada.

Kaltuma ba ta cika sa baki ba, tana gefe tana tsince wake. In abin ya yi tsawo sai ta ce, "Malam, in an sauka lafiya a maido mini ƙwaryata. Ga kaji can suna shanye maka Cadi."

Mace ce mai kunya irin ta mutanen da. Habu ɗan fari ne, saboda haka sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. In za ta aike shi sai ta ce da Balki, "Gaya wa yaron nan." In za ta ba shi fura sai ta tura masa ƙwarya tana duban wani wuri, kamar ba ta san da shi ba. Sai dai kowa a gidan ya san wajen wa gardin furar yake tafiya.

To, tafiya dai ba ta yiwu ba. Shekarar farko Kaltuma na da cikin autarsu, Gana. Ta biyu fara ta sauka. Wata shekarar gardi, dogaran kumandan, suka zo suka kwashi maza zuwa ɗaukar dutse a Birnin Damagaram, Illa bai dawo ba sai da bazara ta kawo kai. Wata kuma sa ya yi targaɗe. Mutanen gari suka samu abin zolaya. In ya ratsa ta bakin masallaci sai a ce, "Illa, an dawo lafiya? Yaya mutanen Cadi?" Shi kuwa ya yi dariya ya ce, "Baɗi, in Allah ya kai rai." Ba ragwanci ba ne, a yi masa adalci. Shekarar talaka ba ta da rara, in ta toshe nan sai ta ɓulle can. Amma kuma shirin kansa yana yi masa daɗi, har wani lokaci in ya gama jera tsamiya da kanwa sai ya ji kamar an je an dawo.

Wani rani Garba, wani falken kanwa da ke sauka a garin, ya ji shi yana ba da labarin a kasuwa. Ya ce, "Illa, ruwan nan naka fa ya ja baya. An ce mutanen Gigimi da kansu nemansa suke."

Illa ya dube shi sama da ƙasa. "Ka je ka gani?"

"A Maine na ji."

"To, gani ya kori ji. Ruwan da ba a hango gaɓarsa, wa zai shanye shi?"

Aka yi dariya, Garba ya ɗaure kayansa.

Sai ga shekarar da daga baya aka sa wa suna Kakalaba. Ruwa ya ɗauke gero yana gwiwa, bai sake dawowa ba. Da kaka ba wanda ya ɗaura dami a Gaffati. Aka cinye tsohon hatsi, aka koma ƴaƴan ƙarangiya da anza, mata suka shiga haƙar gidan tururuwa suna tsintar abin da ta tara. Shi Illa tun cikin damina kurkunu ya fito masa a gwiwa. Ciwon ya warke amma ƙafar ta sandare, daga ɗaki zuwa ƙofar gida sai da sanda.

Da rani ya yi nisa, gari ya fara watsewa. Kowa kudu ya nufa, ƙasar Kano, gida gida, da tabarmi a ka. Illa ya zauna ya yi tunani, kuma tunaninsa ba na wawa ba ne. Gonakin Kano su ma sama suke jira, saman da ya hana Damagaram shi ya hana su. Ga shi duk duniya can ta nufa, wa zai ciyar da wa? Amma shi ya san wurin da ake shuka ba da ruwan sama ba, kuma akwai wanda ya san hanyar a gidansa.

Kaltuma ta ce, "Malam, mu bi mutane. Mutuwar yawa kaka ce."

Ya ce, "Ba mutuwa nake nema muku ba. Masara nake nema muku."

"Kai fa?"

"Ni da wannan ƙafar nauyi zan zame muku. Kuma ga iri a tukunya na binne. In ruwa ya sauka ba wanda ya shuka, me za ku dawo ku tarar?"

Washegari da hantsi Illa ya share tsakar gida ya shimfiɗa hanyar. Wannan karon ba tsamiya, ba dabino, ba barkono, duk an cinye, sai tsakuwa ya jera tun daga Mirriya har Komadugu. Ƙwaryar ruwan dai tana nan jikin dangar gabas. Habu, wanda yanzu ya zama saurayi har gemu ya fara tsiro masa, ya durƙusa ya jero zangunan ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba.

Suka tashi kamar yadda aka daɗe ana shiryawa. Kaltuma da Gana a kan sa, wanda haƙarƙarinsa duk a waje suke. Balki da gora. Madugu a gaba da igiya. Illa ya dogara sanda a ƙofar gida yana kallo, ya ga kowa a matsayinsa, shi kaɗai ne babu. Ya ji tsoro, ya ji tausayi, kuma can ƙasan zuciyarsa ya ji wani ɗan kishi da ya ba shi kunya: za su ga ruwan ba tare da shi ba.

Yadda ya kai damina da rai, Allah kaɗai ya sani. Ya ci ganye, ya ci abin da ba ya faɗuwa, amma bai taɓa tukunyar iri ba. Da ruwa ya sauka ya tone ta, ya ja ƙafa zuwa gona, yana sara da sungumi, yana zuba iri, yana rufewa da ƙafa mai lafiya. Gona ta yi kyau irin kyan da ke ba mutum haushi, don ba masu ci. Waɗanda suka tafi kudu suka fara dawowa, wasu gidajen rabi, wasu ba kowa. In ya ga haka sai ya ce a ransa gara da ya tura nasa gabas. Da suka yi jinkiri, ya ce masara ce ta riƙe su.

Sai bayan an gama girbi suka iso, wata rana da la'asar, a ƙasa, ba sa. Kaltuma a gaba, ta tsufa kamar an ƙara mata shekaru goma. Balki na bayanta, tana riƙe da hannun Gana. Illa ya dube su, ya dubi hanyar da ke bayansu, ya daɗe yana dubanta. Ba kowa.

Kaltuma ta shiga ta zauna, ta sha ruwa. Sannan ta kwance bakin zanenta ta zazzage wasu fararen ɓawon katantanwa a gabansa.

"Ga abin da muka tarar a Gigimi, Malam. Mun hau tudun da ka ce. Ƙasa ce a tsattsage har iyakar gani, da waɗannan. Sun ce ruwan ya daɗe da komawa kudu, masu gonakin sun bi shi."

Illa ya ɗauki ɓawo ɗaya yana juya shi a tafin hannu.

Ta ci gaba, muryarta ba hawa ba sauka. Takarkarin tun a Manga suka ba da shi aka ba su gero. A Gigimi wata tsohuwa ta ba su gefen rumfa, suna yi mata daka. Amma yaron nan ya kasa zama. Kullum yana kan tudu yana duban gabas, yana cewa ruwan ba zai yi nisa ba, in ya same shi zai samu gonakin, ya dawo ya ɗauke su. Wata safiya ya ɗauki gora ya sauka cikin busasshen tafkin. Bayan kwanaki makiyaya suka kawo mata gorar, suka ce sun yi masa sutura a inda suka same shi.

"Na hana shi," in ji ta. "Na bi shi har bayan gari. Da na ga ba zai tsaya ba, na kira shi. Malam, da sunansa na kira shi. Na ce, Habu. Ya waiwayo, don bai taɓa ji a bakina ba. Har ya yi murmushi. Ya ce, Inna, ki koma, Baba ya gani da idonsa."

Ba ta taɓa ɗora masa laifi ba, ko a ranar ko bayanta, kuma wannan ya fi masa ciwo a kan zagi. Illa ya rayu har ya ga jikoki. Ya ci gaba da nomansa da ƙafa ɗaya da rabi, ya aurar da Balki a Guna, ya aurar da Gana a Zango. Amma bakin nan da ba ya gajiya ya mutu. Ba a sake share tsakar gidan don tafiya ba, kuma masu zolaya a bakin masallaci suka daina tambayarsa mutanen Cadi. Sunan ne kawai ya ƙi barinsa.

Wani lokaci baƙo kan sauka a garin, ya ji ana cewa Illa Cadi, ya matso da murna ya ce, "Baba, da gaske ka ga tafkin?"

Tsohon kan dubi ƙasa.

"Na gani," yakan ce. "Da ma ji na yi."