Takardar da Rana Ta Rubuta wa 'Yata

Kome daɗewa, ba zan manta da ranar da maƙwabciyata ta kawo mini barka a garin Silver Spring, can ƙasar waje, ba. Tsohuwa ce 'yar ƙasar Romaniya, mijinta ya rasu. Idan maigida ya tafi aiki gidan rediyo, ita kaɗai ce abokiyar hirata.

Kwana uku da haihuwata ta shigo da wata siririyar takarda mai kauri, da layin ƙuna a tsakiyarta. Ni da littattafan soyayya suka raina, nan take na yanke cewa wasiƙar wani masoyi ce da wuta ta lasa. Goggona, wadda ta zo daga Kano don wankan jego, fassararta daban.

Tsohuwar na fita Goggo ta ce, "Ke, wa ke kawo wa jaririya ƙonanniyar takarda? Na ga ƙwallon gilashin da ke barandarta. Kada ta ƙara taɓa mini jika."

Raba ni da matar nan raba ni ne da rabin rayuwata a garin. Na lallaɓi Goggo muka je tare, tana tafe tana addu'a.

Tsohuwar ta nuna mana ƙwallon, zaune cikin wani ƙarfe mai lanƙwasa. Da harshensu, in ji ta, sunansa heliograf. Kalmomin Girkanci biyu ne: helios rana, graf rubutu. Ta hanyar Faransanci sunan ya shigo musu. Mijinta ya yi aikin duba yanayi da irinsa. Gilashin yana tattara hasken rana ya ƙona takarda; in gajimare ya rufe, sai a ga giɓi.

"Da na ga an tafi da ke asibiti da safe, sai na sa takarda," ta ce. "Ranar 'yarki ce wannan."

Na fassara. Goggo ta karɓi takardar, ta bi layin da farce har ta tsaya a wani giɓi.

"Nan ne aka yi ruwan azahar, kina ta kiran sunana kamar ni na ɗora miki naƙudar. To, ranar ma malama ce ashe. Tambayi maƙwabciyar taki, tana cin tuwo?"

Yarinyar ta girma, takardar na nan cikin akwatina. Ni na ga soyayya, Goggo ta ga asiri, duk ba mu tambaya ba. Tun ranar, in na ga abin da ban sani ba, sai na fara tambayar sunansa da inda sunan ya fito.